Wa Ya Ba Su Izinin Cewa "Mu"?

A ranar 6 ga Agusta, 1787, aka raba wa wakilan da ke taro a birnin Filadelfiya daftarin farko na kundin tsarin mulkin Amurka. Shimfiɗarsa ta fara da "mu jama'ar jihohin", sannan ta jero sunayen jihohin ɗaya bayan ɗaya, tun daga New Hampshire a arewa har Jojiya a kudu, guda 13 cif. Bayan mako biyar, ranar 12 ga Satumba, wani kwamitin mutum biyar da aka ɗora wa aikin gyaran lafazi ya dawo da takardar, sai ga shi sunayen nan duk sun ɓace. Abin da ya rage shi ne "mu jama'ar Tarayyar Amurka". Gouverneur Morris, ɗaya daga cikin wakilan Pennsylvania, shi ake danganta wa wannan gyara.

Dalilin gyaran ba mai zurfi ba ne. Jihar Rhode Island ta ƙi turo wakili ko ɗaya wurin taron. Ban da haka, an riga an tsaida cewa kundin zai fara aiki da zarar jihohi 9 sun amince da shi, kuma ba wanda ya san waɗanne ne za su amince. Rubuta sunan jihar da ƙila gobe ta ce ba da ita ba, jawo wa kai abin kunya ne. Saboda haka aka share sunayen, aka ci gaba da sauran aiki.

Sai dai magana zarar bunu ce. Wannan ɗan gyara ya buɗe wata tambaya da Amurkawa suka shafe shekaru suna jayayya a kanta, har ta kai su ga zub da jini, masana falsafa kuma suna kan tattauna ta har yau. Mutum ɗaya yana iya gaskata wani abu game da kansa, yana iya so wa kansa wani abu, domin zuciya ɗaya gare shi. To jama'a fa? Da wace zuciya take gaskatawa, da wane baki take faɗa?

Ɗaki a rufe

Mu fara da waɗanda suka rubuta kalmar. An buɗe taron ranar 25 ga Mayu, 1787, George Washington yana shugabanta. Mutum 55 suka halarta daga jihohi 12, duk maza, duk farare, da yawansu kuma sun mallaki bayi. Umarnin da aka ba su shi ne su yi wa tsohuwar yarjejeniyar da ta haɗa jihohin kwaskwarima. Da suka shiga ɗaki sai suka ajiye ta gefe, suka ɗauko sabon gini daga tushe. Suka kuma sa wa kansu dokar sirri: abin da aka faɗa a ɗakin ba ya fita waje. Jama'ar da ake magana da sunanta ba ta san abin da ake ƙullawa ba sai da aka gama.

Ranar 17 ga Satumba aka zo sa hannu. Mutum uku da ke wurin suka ƙi: George Mason, da Edmund Randolph, da Elbridge Gerry. Cikin 39 ɗin da sunayensu suka hau takardar ma, ba kowa ne ya gamsu ba. Benjamin Franklin, dattijo ɗan shekara 81, ya rubuta jawabi aka karanta a madadinsa, inda ya ce akwai sassan da bai yarda da su ba, amma zai amince domin ba ya tsammanin wani taron zai iya kawo wanda ya fi wannan. Alexander Hamilton ya ce ba wanda ra'ayinsa ya yi nisa da wannan tsari kamar nasa, ya kuma ɗauki alƙalami ya sa hannu. Don a rufe wannan ɓaraka sai aka yi dabara: aka rubuta cewa an gama aikin da yardar dukkan jihohin da ke wurin, ba a ce dukkan wakilai ba.

Ba a daɗe ba aka samu wanda ya ɗaga murya. A watan Yuni na 1788, a taron da jihar Birjiniya ta kira don duba kundin, Patrick Henry, ɗaya daga cikin fitattun masu jawabi na zamanin juyin juya hali, ya tashi ya tambaya: wa ya ba waɗannan mutane izinin yin magana da sunan jama'a, alhali jihohi ne suka aike su? Amsar ɓangaren James Madison ita ce, abin da aka yi a Filadelfiya shawara ce kawai. Takardar ba ta da rai sai jama'a sun zaɓi wakilai na musamman a kowace jiha, sun hura mata.

Amsar tana da ƙarfi, amma ba ta kashe tambayar ba. Jama'ar da za ta amince, ai takardar ce ta sa mata suna. Kafin nan akwai mutanen Birjiniya, akwai mutanen New York, kowa da majalisarsa. Masanin falsafar nan na Faransa, Jacques Derrida, ya lura da irin wannan ƙulli a wata lacca da ya yi a Jami'ar Birjiniya a 1976, yana magana kan takardar ayyana 'yancin kai ta 1776. Ya ce jama'ar da aka sa hannu da sunanta ba ta wanzu ba kafin a sa hannun. Sa hannun ne ya haifi mai sa hannun.

Sukarin da ke zuba

Don a ga inda gizo ke saƙar, sai mu koma kan mutum ɗaya tukuna. A 1979 wani masanin falsafa Ba'amurke, John Perry, ya kawo misalin da ya yi suna. Yana tura keken sayayya a wani babban kanti, sai ya ga sukari zube a ƙasa ya yi layi. Ya ce a ransa lallai buhun wani ya huje, bari in bi sawu in gaya masa. Ya yi ta zagaye, layin sukarin na ƙara kauri, bai cim ma kowa ba. Can sai ya farga: daga kekensa sukarin ke zuba.

Tun farko ya san cewa mai hujajjen buhu yana ɓata kanti. Abin da bai sani ba shi ne, shi ne mai buhun. Kuma wannan sani na biyu ne ya sa ya tsaya ya gyara buhun. Perry ya nuna cewa duk bayanin da za ka sani game da wani mutum, ko da sunanka ne a jiki, ba zai motsa ka ba sai ka ce "ni ne". A shekarar dai David Lewis ya yi rubutu kan wannan nau'i na sanin kai.

Jama'a ma tana iya faɗawa halin Perry. Hukuma na iya kafa kwamitin binciken wanda ya jawo asara, ta yi ta zagaye, alhali daga kekenta sukarin ke zuba. Amma nata ya fi wuya. Mai cewa "ni" ba ya kuskuren wanda yake nufi. Mai cewa "mu" kuwa yana iya faɗa bai san iyakar waɗanda ya ƙunsa ba, masu saurarensa ma kowa da irin fahimtarsa. Wanda ya iya Fulatanci ya san harshen ya raba kalmar gida biyu: akwai "en", wadda ta haɗa da wanda ake yi wa magana, akwai "min", wadda ta fitar da shi. Hausa ba ta raba ba, Ingilishi ma haka. Wanda ya ji an ce "mu" bai san ko da shi ake ba sai ya ga abin da ya biyo baya.

Ra'ayin da ba na kowa ba

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar ra'ayin jama'a ita ce lissafi: a ƙirga kawuna, abin da mafi yawa suka gaskata shi ne na jama'ar. Margaret Gilbert, 'yar Ingila da ta yi aikin koyarwa a Amurka, ta ƙi wannan a rubuce-rubucenta na 1987 da 1989. Misalinta ƙungiyar masu nazarin waƙa ce. Ana tattauna ma'anar wata waƙa, wani ya kawo fassararsa, aka ɗan ja, aka bar ta a haka. Daga ranar ta zama fassarar ƙungiya, ko da kowa a zuciyarsa yana da tasa daban. Alamar haka ita ce, wanda ya zo daga baya ya musa ta kai tsaye za a yi masa kallon wanda ya saɓa, sai fa idan ya fara da cewa "ni dai a nawa ganin".

A wurin Gilbert, abin da ke riƙe ra'ayin jama'a alƙawarin haɗin gwiwa ne: mun ɗaure kanmu tare cewa za mu tsaya a kan wannan magana kamar baki ɗaya ne ya faɗe ta, kuma mutum ɗaya ba ya kwance ɗaurin shi kaɗai. Duk wanda ya taɓa zaman kwamitin masallaci, ko na ƙungiyar 'yan kasuwa, ko taron dangi kan rabon gado, ya san wannan. Ana fitowa sai ka ji an ce "an tsaida magana", ba a ce wane ya tsaida ba, kuma wanda ya fi kowa ja a ciki shi ake aikawa ya isar da saƙon.

Abin da Franklin ya yi ke nan. Ya faɗi shakkunsa a cikin ɗaki, ya ce a nan za su mutu, ya roƙi sauran su fita da murya ɗaya. Randolph ma, da ya ƙi sa hannu a Satumba, shi ne ya tsaya yana kare kundin a taron Birjiniya bayan wata tara. Ƙuri'un amincewar kuwa ba su nuna wata zuciya ɗaya ba. A Massachusetts 187 da 168 aka yi. A Birjiniya 89 da 79. A New York 30 da 27. A Rhode Island an fara kai maganar gaban masu zaɓe kai tsaye a 1788, magoya bayan kundin suka ƙaurace, aka yi fatali da shi. Sai a Mayun 1790 jihar ta shiga, da ƙuri'a 34 da 32, bayan gwamnatin tarayya ta fi shekara tana aiki.

Kwana huɗu

Akwai wani ɗan abu a wannan tarihi da ke jan hankalin irinmu masu rubuta manhaja. New Hampshire ta amince ranar 21 ga Yuni, 1788, ta zama jiha ta tara, sharaɗi ya cika. Amma labari a kan doki yake tafiya. Wakilan Birjiniya suka kaɗa tasu ƙuri'ar ranar 25 ga wata suna zaton su ne na tara, makomar tarayyar tana hannunsu. Kwana huɗu ke nan da aka haifi abin da suke gardamar ko a haife shi.

Irin wannan matsala ce ke gaban kwamfutocin da ke ajiye bayanan banki ko na babban shagon intanet. Ba na'ura ɗaya ke riƙe bayanin ba, na'urori ne da yawa a wurare daban-daban, saƙo na iya makara, wata na iya mutuwa ana tsakiyar aiki. Ta yaya za su tsaya kan magana ɗaya? Leslie Lamport ya wallafa wata mashahuriyar hanya a 1998, ya sa mata suna Paxos, ya ma kawo ta a siffar majalisar wani tsibirin Girka wadda 'yan majalisarta ke shiga da fita yadda suka ga dama. A wannan tsari, da zarar mafi rinjayen na'urorin sun karɓi wani bayani, ya tabbata, ba ya sauyawa, ko da a wannan lokacin babu na'ura ɗaya da ta san an kai adadin. Idan ka buɗe kowace na'ura kana neman inda hukuncin yake, ba za ka same shi a cikinta ba. Yana cikin ƙa'idar da suka yarda da ita tun farko, da kuma abin da kowace ta riga ta karɓa.

Christian List da Philip Pettit, a littafinsu na 2011 kan ƙungiya a matsayin mai aikatawa, sun bi wata hanya suka iso kusa da nan. Sun nuna cewa ƙungiyar da ke son maganarta ta yau kada ta ci karo da ta jiya, dole wani lokaci ta tsaya kan matsayin da mafi yawan mutanenta ba su zaɓa ba. Ke nan ba a buƙatar wata ruhi mai shawagi a saman jama'a kafin a ce ta gaskata abu. Ƙa'ida ake buƙata, da rikodin abin da aka tsaida, da mutanen da za su ɗauki abin a matsayin nasu.

Da wa ake?

Ƙa'ida tana faɗin yadda ake ƙirga, amma wa za a ƙirga? Ƙidayar 1790 ta samu mutum kusan miliyan 3.9 a Amurka, kusan 700,000 daga cikinsu bayi ne. Kundin ya lissafa kowane bawa biyar a matsayin mutum uku wajen rabon kujerun majalisa, kuma ribar lissafin ta iyayen gijinsu ce. Mata ba su zauna a tarukan amincewa ba.

A Maris na 1857, a shari'ar wani bawa mai suna Dred Scott, Alƙalin Alƙalai Roger Taney ya yanke cewa baƙar fata, bawa ne ko ɗa, ba ya cikin jama'ar da kundin ke nufi. Mai shari'a Benjamin Curtis ya saɓa masa, ya kawo hujjar cewa a zamanin kafa ƙasar, 'yantattun baƙaƙe suna da ikon zaɓe a jihohi biyar. Alƙalai bakwai suka rinjayi biyu.

Masu yaƙi da bauta sun rabu kan yadda za su yi da kalmar. William Lloyd Garrison ya ɗauki kundin a matsayin yarjejeniyar masu bayi, har ya ƙona kwafinsa a bainar jama'a ranar 4 ga Yuli, 1854. Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta da ƙafarsa, ya bi wata hanyar. A jawabinsa na birnin Glasgow a 1860 ya ce a karanta abin da aka rubuta: jama'a aka ce, ba a ce fararen jama'a ba, baƙar fata kuwa mutane ne. Susan B. Anthony ta kafa irin wannan hujja bayan an kama ta saboda ta kaɗa ƙuri'a a Rochester a 1872. Aka ci ta tarar dala 100, ta ƙi biya har ta mutu.

Jihohin kudu da suka ɓalle sun gane nauyin gyaran da Morris ya yi. Da suka rubuta nasu kundin a Maris na 1861, sai suka ƙara cewa kowace jiha tana shiga ne a matsayinta na mai cin gashin kanta. Wato sun mayar da abin da aka share a 1787, domin su kare bauta. Yaƙin da ya biyo baya ya ci rayuka fiye da 600,000. Gyaran kundi na 14 a 1868 ya rushe hukuncin Taney. Mata suka samu ƙuri'a a faɗin ƙasar a 1920, aka ba dukkan 'yan asalin ƙasar, Indiyawan Amurka, shaidar zama 'yan ƙasa a 1924, dokar kare haƙƙin zaɓe kuma ta zo a 1965. A Yulin 1974, lokacin da majalisa ke duba yiwuwar tsige Shugaba Nixon, 'yar majalisa Barbara Jordan, baƙar fata daga Texas, ta ce ranar da aka kammala takardar ba a sa ta a cikin "mu" ɗin ba, gyare-gyare da hukunce-hukuncen kotu ne suka shigar da ita. Ta faɗi haka, sannan ta zauna tana auna shugaban ƙasa da ma'aunin kundin.

Abin da aka ce ana so

Shimfiɗar ba ta tsaya kan ko su wane ne jama'ar ba, ta faɗi abin da suke so: haɗin kai mafi inganci, adalci, zaman lafiya a cikin gida, tsaro, jin daɗin kowa, da 'yanci ga kansu da zuriyarsu. Kotun Ƙolin Amurka ta ce a 1905 wannan shimfiɗa ba ta ba gwamnati wani iko na kanta. To mene ne amfanin burin da ba a iya kai ƙararsa kotu?

Amfaninsa shi ne wanda Douglass ya gano. Mutumin da ya ce a gaban jama'a yana son adalci ya miƙa wa mutane igiyar da za su ja shi da ita. Jama'ar da ta rubuta haka game da kanta ma ta ci bashi, ko da waɗanda suka riƙe alƙalamin ba da zuciya ɗaya suka rubuta ba. Mai bin bashin kuma ba ya buƙatar binciken niyyarsu, takardar ta ishe shi.

Mu a Najeriya ba baƙi ba ne ga tambayar Patrick Henry. Kundinmu na 1999 ya buɗe da "mu jama'ar Tarayyar Najeriya", alhali dokar soja mai lamba 24 ce ta kafa shi a zamanin Janar Abdulsalami Abubakar, ba tare da ƙuri'ar raba gardama ba. Shi ya sa masu suka ke cewa kundin ya fara da faɗin abin da bai faru ba, kuma suna da hujja. Namu ma ya fi na Amurka rauni ta wannan fuska, domin can an kai takardar gaban zaɓaɓɓun taruka a kowace jiha. Duk da haka, an ga matasa sun bi hanyar Douglass. Sun bi Majalisar Tarayya, sun bi majalisun jihohi, inda ake buƙatar 24 cikin 36, har aka sa hannu a 2018 kan gyaran da ya rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da na jihohi daga 30 zuwa 25. Ba su jira an warware asalin kundin ba kafin su nemi a buɗe musu ƙofarsa.

Kullum muna cin karo da kalmar a waya. Mutum biyar su zauna a otal su fitar da sanarwa cewa Arewa ta yanke shawara. Wani ya hau Facebook ya ce mu matasa ba mu yarda ba. Ba laifi ba ne mutum ya riga jama'a faɗin "mu", domin kusan kowace jama'a haka ta fara. Na Filadelfiya ma 55 ne a rufaffen ɗaki. Abin dubawa shi ne abin da ya biyo bayan furucin. Madison da abokansa sun fito da takardarsu sun ajiye ta inda za a iya ƙin ta, North Carolina ta ƙi amincewa a zamanta na farko, Rhode Island ma ta ƙi. Mai sanarwar otal, in an tambaye shi a ina waɗanda ya yi magana da sunansu za su je su ce ba da yawunsu ba, ya kamata a ce yana da amsa.